Agogon da Baba Ya Gyara

Litinin, 3 ga Maris
Saura kwana goma sha tara jarrabawar shiga makarantar kasuwanci. Bara na faɗi. Bana in ban ci ba na haƙura, sai in tsufa ina ƙirga kwalaye a sito. Gwaji iri biyu nake yi: na littafi a gida, na kwamfuta a ofis lokacin hutun rana. Kowanne tambaya talatin, minti arba'in da biyar. Ashirin da biyu ake nema.

Alhamis, 6 ga Maris
Littafi 26, kwamfuta 17. Ɗayansu ƙarya yake min, kuma na san wanda nake fatan shi ne.

Asabar, 8 ga Maris
Baba ne mai tsaron lokaci. Shekara talatin yana gyaran agogo kafin hannunsa ya fara rawa, yanzu ya samu aikin yi. Sai ya kulle wayata a durowa, ya dasa min tsohon agogon tebur a gabana, ya zauna ya harɗe hannu kamar alƙali. Ko tari ba ya yi. Na ci 27, ya ce wannan kan uwata ne, Allah ya jiƙanta, nasa bai kai nan ba.

Talata, 11 ga Maris
Kwamfuta 18. Na jera tambayoyin biyun na duba, wallahi wahalarsu ɗaya. A ofis dai lokaci ke ƙare min. Maƙwabciyar teburina ta ce tsoron allo ne. Wataƙila.

Laraba, 12 ga Maris
Ba tsoron allo ba ne.
Yau wayar na aljihuna, mun manta da ita. Da Baba ya ce lokaci ya yi na duba, ashe minti hamsin da biyar aka ci. Agogon tebur kuwa ya rantse arba'in da biyar ne. Na kalli Baba, shi kuma ya kama kallon silin.
Buɗe bayan agogon ya yi ya rage masa gudu, tun ranar farko.
"Na ga hannunki na sauri, gumi na zuba. Na ce minti goma me zai rage wa duniya?"
Na ɗaga masa murya. Ban taɓa yi ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Ya gyara agogon. Awa biyu yana fama da ɗan sukurun, sau uku yana faɗuwa ƙasa. Na tsugunna na lalubo masa. Kunya ta kusa kashe ni.

Lahadi, 16 ga Maris
Littafi 19, kwamfuta 19. Yau dai sun yi magana da baki ɗaya, ko da yake ba daɗi.

Laraba, 19 ga Maris
Ina tsakiyar tambaya ta ashirin da takwas ya ce, "Ajiye biro." Na ce Baba, saura layi ɗaya. Ya miƙe ya zare takardar daga ƙarƙashin hannuna.
22 cif.
Ya tambaye ni, "Na yi daidai ko?" Na ce ya yi. Ya ce to gobe in nemi wani, shi zuciyarsa ba ta aikin nan ba ce. Ya shige ɗakinsa wai neman tabarau, alhali yana kan hancinsa.
Ban nemi kowa ba. Ranar Asabar ma na ce ya raka ni bakin ƙofar zauren jarrabawar, saboda... jakata tana da nauyi.