Amsar da Ta Hana Mota Zuwa

Haɗeja, 12 ga Agusta, 1976

Zuwa ga ɗana Ɗanladi,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan, in ka cire baffanka Gambo. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji uku malamai suka ga shinkafa ta fi su bukatata.

Ran Talata kububuwa ta sari Gambo a ƙafar dama a fadama. Na ruga ofishin gona, na roƙi wayar tarho, na kira masu motar asibiti. Wani akawu ya ɗauka, cikin waɗanda suka gama kwas ɗin nan na karɓar kiran asibiti da kake yi a Kano. Ya tambayi sunana da unguwarmu da shekarun Gambo, sai ka ce aure muka zo nema. Can ya ce, "Yaya jikin nasa yanzu?" Na ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." To me zan ce? Ya ce madalla, ya kife waya. Har yau hanya muke dubawa. Ƙafar ta koma kamar turmi, warinta kuwa ko ƙuda sai ya yi shawara kafin ya sauka. Wannan ƙazamin aikin ake koya muku?

Uwarka tana gaishe ka.

Ni ne mahaifinka,
Bunu

Kano, 15 ga Agusta, 1976

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Labarin Baffa ya tayar mini da hankali ƙwarai.

Baba, akawun ya bi ƙa'ida. Takardar da ake ba mu ta kasa kira kashi uku, mota kuwa ɗaya ce. Wanda aka ce yana samun sauƙi, kashi na uku yake shiga, wato zai iya jira. Da Turanci aka rubuta tambayar, aka mayar da ita Hausa. Na ɗaga hannu a aji na ce ai wannan gaisuwa ce, ko mutum na kan gargara haka danginsa za su amsa. Malaminmu ya ce ba a taɓa tsarin tambayoyi.

Don Allah ka sake kira da zarar wasiƙar nan ta same ka. In ya tambayi jiki, ka ce, "Ya tsananta." Kada ka ƙara komai.

Allah Ya ƙara girma.

Ɗanka,
Ɗanladi

Haɗeja, 18 ga Agusta

Ɗanladi,

Gaisuwa. Na bi karatunka. Tun daga gida nake bitar kalmar nan, har Buba mai kifi ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya. Na kira, akawun nan dai ya ɗauka. "Yaya jikin?" Wallahi bakina ya riga ya ce "Da sau—" kafin in cafke shi. Na runtse ido na ce, "Ya tsananta." Shekara hamsin da biyar ban taɓa yi wa ɗan'uwana mugun baki ba sai da gwamnati ta sa ni. Na fita na tofar da yawu.

Ka san me ya ce? "Haba malam, me ya hana ka faɗa tun farko?"

Mota ta iso kafin in isa gida. A asibiti likita ya buɗe tsumman da muka ɗaure ƙafar, ya dube ta, ya dube ni. Turancina bai kai in gane abin da ya ce ba, amma fuskarsa da Hausa ta yi magana. Gobe za su yanke shawara.

Ka yi mana addu'a, in tana cikin tsarinku.

Bunu

Haɗeja, 22 ga Agusta

Ɗanladi,

Gaisuwa. Sun yanke ta daga gwiwa. Gambo ya farka, ya sha kunu. Ya ce in za ka taho hutu ka sayo masa takalmi a Kano, na hagu.

Mu kwana lafiya.

Mahaifinka,
Bunu