Tsohon da nake kai wa abinci shi ya kashe sana'ar uwata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah ka ɓoye sunana, Zongo kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe, domin abin tun ina budurwa ya faro.

A unguwar Maamobi aka haife ni. Babanmu ya rasu muna ƙanana, Mma ce ta riƙe mu da sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi, tana da manyan tukwane da benci ɗaya, direbobin motocin haya na trotro da makanikai duk wurinta suke karyawa. Ita ba ta yi boko ba, amma ta nace sai na yi, har na gama makarantar koyon taifin a farkon shekarun casa'in. Na yi ta yawon neman aiki har takalmina ya cinye, ko'ina sai a ce in dawo. Ana haka na ga takarda manne a bango a Nima, wai wani kamfani yana neman matasa masu ilimi, aikin ofis, albashi mai kyau. Na je, wani ɗaki ne a saman bene, na tarar da mutumin da zan kira Manaja. Ɗan Zongo ne kamar mu, da kwat da nektai da ƙamshin turare, ya ce ya san Mma, har ya taɓa cin waakyenta. Ya ce an ɗauke ni, sai dai kowa yana kawo kuɗin ajiya kafin ya fara. Mma ta kwashi atamfofin da take tara mini na aure ta sayar, tana murna tana gaya wa masu cin abinci 'yarta ta samu ofis.

Ranar da na fara ban ga tebur ba, ban ga injin taifin ba. Jaka aka miƙo mini cike da filas da tocila da farantan tangaran, aka ce wannan horo ne, in bi gida gida in sayar, albashi sai an gama horo, yanzu kamasho kawai. Kayan nan a kasuwar Makola Manaja yake saro su, na banza, ya ce mu sayar fiye da kuɗin Makola. Ka ƙwanƙwasa ƙofa matar gida ta ji kuɗin ta yi maka dariya ta rufe. Kuɗin mota naka ne, abinci naka ne, abin da ya fashe a wuyanka. In ka yi sa'a ka sayar, kamashon sai ya ce ya shiga cikin wanda ka fasa a baya. Kullum da safe sai mun yi layi muna tafi muna waƙar za mu zama manajoji, sannan wanda ya fi kowa rashin ciniki a ɗora shi kan benci ya kama kunnuwansa, sauran su yi masa ihu. Wanda bai yi ihu da ƙarfi ba gobe shi ne a kai. Na so in bari, amma in na tuna atamfofin Mma sai in sake saɓa jakar. A gida kuwa ƙarya nake yi, in ce aikin ofis ne yake gajiyar da ni.

Wata rana aka tura ni unguwar Dansoman. Na ƙwanƙwasa wani get, mai gidan ya leƙo ta sama ya dube ni, sai kawai ya buɗe ya saki karensa. Na ruga da jaka a kai, karen ya cafke ni a sharaɓa, na faɗi a bakin kwata, duk abin da ke jakar ya ragargaje. Wata mata mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan mai tsami, ita ce ta ɗaure mini ƙafar da ɗankwalinta ta sa ni a trotro. Da na ɗan samu sauƙi na koma ofis da jakar fasassun kaya ina ɗingishi, a zatona Manaja zai ce sannu. Sai ya sa aka ɗaga ni aka ɗora kan benci da bandejina, ya ce yau ba ihu za a yi mini ba, haushi za a yi. 'Yan uwa, mutane masu hankali, wasu 'yan unguwarmu, suka tsaya suna yi mini haushin kare, shi yana dariya har yana share hawaye.

Bai tsaya nan ba. Ya ce kayan da na fasa sun fi kuɗin ajiyata. Da safe, lokacin da layi ya fi tsawo a wurin Mma, ya zo da ƙarti biyu, suka juye waakyen da ta kwana tana dafawa a cikin kwata, suka ɗauki tukwanen. Mma ta durƙusa tana roƙonsa, ya ce in ta ƙara magana 'yan sanda za su zo su tafi da ni. A gaban mutane ya ce ai 'yarta ba kaya take shiga gidajen maza ta sayar ba, a tambaye ni abin da ya kai ni gidan da kare ya cije ni. Maganar nan ta zaga Maamobi. Telan da ke nemana, danginsa suka aiko a bar zancen. Mma ba ta sake kafa tukunya a titi ba, ta koma wanki a gidajen mutane, hawan jini ya kama ta, ba ta ga aurena ba. Shi kuwa Manaja ya rufe ofis, aka ce ya koma wani gari ya buɗe da sabon suna.

Allah ya rufa mini asiri daga baya, na yi aure, maigidana ya gina gidan haya a Nima, ni nake kula da 'yan haya. Bara wani saurayi ya kama wa babansa ɗaki, ya biya na shekara, ya yi tafiya waje, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Tsohon nan ciwon suga ya makantar da shi, ya rame ya zama ƙashi, wallahi ban gane shi ba. Maigidana ya ce mu riƙa zuba masa abinci saboda Allah, na yi ta yi da zuciya ɗaya, har wanki ina sa a yi masa. Shi kuma 'yata yake ce mini.

Watan jiya bayan la'asar na kai masa tuwo, yana zaune da maza a ƙofar gida yana ba su labarin zamanin da yake da kamfani, wai shi ya taimaki yaran Zongo da aiki amma malalata ne. Sai na ji ya ce, "Akwai wata sakarya 'yar mai waakye, kare ya yage mata ƙafa, ta zo mini tana ɗingishi. Na ce ku ɗora ta, ku yi mata haushi!" Ya fashe da dariyar nan, ita ce na gane kafin komai. Wani ya ce kai Baba ba ka da tausayi. Ya ce, "Tausayin me? Tukwanen uwarta ma masu kyau ne, matata ta daɗe tana girki da su." Ya juyo inda ya ji motsina ya ce, "'Yata, miyar kuka ce yau?" Na ce e, Baba. Na ajiye na shiga ciki.

Tun ranar na zama wata iri. In na kai abinci ba na sa masa a gabansa, sai in ajiye can gefe in tsaya shiru ina kallonsa yana lalube a ƙasa. Na taɓa matsar da butarsa, na bar shi yana kira har ya gaji. Ran nan ya buga ƙafa a dutse jini ya fito, mai ciwon suga ne, na san abin da hakan ke nufi, na gani na wuce. Abin da ya fi ba ni tsoro, daɗi nake ji. Ina idar da salla in zauna ina tunanin abin da zan yi masa gobe.

Na gaya wa maigidana komai, muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ya ce Allah ya riga ya rama mini, me nake nema wurin makaho. Na ce makantarsa ba ta dawo mini da uwata ba, kuma mutumin da yake ba da labarin yana dariya bai san an rama komai ba. Ƙarshe ya ce kuɗin hayar tsohon ya kusa ƙarewa, babu mai sake biya, ni ce mai kula da gida, in yanke abin da na ga dama, shi ba zai sa baki ba. Ƙanwata ta ce in fitar masa da tabarmarsa titi da safe lokacin da mutane suka fi yawa, ga damina ta kama. In na kore shi na san babu inda za shi. In na bar shi ina tsoron abin da hannuna zai aikata.

To 'yan uwa me zan yi? In kore shi? In zaunar da shi a gaban mazan nan in gaya masa ko ni wace ce, alhali ina jin dariya zai sake yi? Ko in yi shiru in ci gaba da dafa masa har ya mutu yana ce mini 'yata? Na san da yawa za ku ce in yafe. Wanda zai ce haka don Allah ya haɗa da gaya mini yadda ake yi, domin na gwada a kan sallaya, bakina ya faɗa, zuciyata ta ƙi. Yanzu haka da nake rubutun nan yana can yana kirana, ƙafar ta fara kumbura, ban amsa ba tukuna.