Rishona Bai Kai Kilo Ba

Da safiyar yau Litinin ina jingine da filo a bakin taga, na ga baffanku ya jawo buhun kayan aikina daga bayan ƙofa ya zazzage shi a tsakar gida, gaban wani ɗan gwangwan da ya kira daga titi. Ban yi tari ba, ban taɓa labule ba, ido kawai na zuba. Ɗan gwangwan ya tattara risho da tukunya da murfi da cokali ya zuba a leda ya rataya a sikelinsa. Allurar da ƙyar ta motsa. Ya ɗan buga sikelin da yatsa, a zatonsa ya maƙale. Daga nan ya ce duka bai kai kilo ba, bai cancanci a sunkuya masa ba. Baffanku ya ja tsaki, ya ce shekara goma sha ɗaya mutum yana aiki bai tara ƙarfen kilo ɗaya ba, ya sa ƙafa ya ture murfin.

Shi ya sa na nemi biro da takarda. Uwata, Auta, ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, hankalina ɗaya, ba zazzaɓi ba ne yake magana. Ƙodata ce ta gaji, kaina lafiya lau. Ranar Alhamis za a yi mini aiki, kuma na lura likita ya daina kallon idona in yana yi mini bayani, takarda yake kallo. Karatuna aji huɗu ne, in kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri. Ke shekararki tara, kai biyar. Mamanku za ta ajiye muku wannan, ta riƙa karanta muku har ku iya da kanku.

Aikina ɗaukar kaya da dafa abinci ga masu yawon hawa duwatsu, mutanen da suke da katifa mai laushi a gida amma suke biya a kai su su kwana a kan dutse. Ban taɓa gane dalilinsu ba, ban kuma tambaya ba. Da wannan buhun da aka zazzage a tsakar gida na ciyar da ku.

Na ɗaya. Risho da tukunya da kariyar iska da cokali na Uwata ne. Ba gado ba ne, kyauta ce, na damƙa mata hannu da hannu yau bayan azahar tun ina numfashi, don kada gobe wani ya ce a sa a rabo. Na zaɓe ta ne don tun tana shekara shida na ga ta ɗora ruwa a wuta ta nemi murfi ba wanda ya ce mata. Akwai masu digiri da na yi wa dako da har yau ba su kai nan ba. Auta, kada ka ji haushi. Jakar goyona taka ce, da takalmin, da wuƙar nan mai ƙotar katako, mamanka za ta riƙe wuƙar sai ka yi hankali. Sauran abin da ke ɗaki a raba yadda addini ya ce, ba shi da yawan da zai haɗa mutane faɗa.

Na biyu. Wata rana rishon zai mutu, komai yana mutuwa. In kun je sayen wani, za ku tarar da mai shagon nan na kan kwana, wanda muke kira Mai Gilashi, ko wani irinsa, don irinsu ba sa ƙarewa. Zai ɗora muku wani ɗan risho kamar ƙadangare a tafin hannu ya ce ku ji rashin nauyi. Zai kunna shi a kan kanta, ƙofa a rufe, ko numfashin kyanwa babu, ruwa ya tafasa nan da nan. Mutumin nan tsaunin da ya taɓa hawa a rayuwarsa shi ne matakala uku na ƙofar shagonsa. Ku ce ya kunna fanka, ya ƙure ta, ya juyo ta kan wutar. In ya fara kame-kame, ku yi masa sallama. A kan dutse babu ranar da iska take hutu.

Sannan ku cika tukunya da ruwa ku ɗora, ku girgiza kantar da gwiwa. Rishon da ƙafafunsa suka yi rawa a kan kanta, a kan tsakuwa zai zubar muku da abincin mutum huɗu. Wannan ba labari aka ba ni ba. Wani lauya ya taho da nasa sabo fil, ya ƙi nawa, ya ce nawa ya yi kama da abin da aka tsinto a bola. Taliyarsa ta kife a ƙasa tafiyar kwana biyu daga shago mafi kusa. Na tsaya ina kallonsa yana tsince ta daga cikin yashi ɗaya bayan ɗaya da yatsun da yake sa hannu a takardu. Sai da ya gama na kunna na bola na dafa masa wata.

Na uku, kuma nan wawaye suka fi yawa. Suna auna risho su manta da abin da risho yake ci. Risho mara nauyi mai shan gas kamar raƙumi ya fi kowane nauyi, don gwangwani uku za ka goya maimakon ɗaya. Ba risho ake aunawa ba, tafiyar ake aunawa: kwana nawa, baki nawa, tafasa nawa a rana. In kuna son sanin abin da ya rage a gwangwani, ku saka shi a tukunyar ruwa, yadda ya nutse haka cikinsa yake. Maɓallin nan da ake dannawa wuta ta kama, kada ku dogara da shi, shi ne yake fara mutuwa. Ashana a cikin kwalbar magani mai murfi, kullum. Kariyar iskar da na yanka daga fallen alminiyam mai laushi, ku kewaya wuta da ita amma ku bar mata ƙofa, kada gwangwani ya yi zafi. Kuma ko ruwan sama ake kamar da bakin ƙwarya, ba a kunna risho a cikin tanti. Wannan ba shawara ba ce, umarni ne.

Na huɗu, tukunya. Ɗaya ta isa. Mai faɗi, ba doguwa ba, don wuta ta zauna a gindinta maimakon ta gudu ta gefe. Tawa ta alminiyam ce, ta lotsa a wuri biyu, tana ɗaukar abincin mutum biyu, kuma risho da ashana da cokali duk suna kwana a cikinta. Mai Gilashi zai nuna muku jere guda bakwai, wannan cikin wannan, har da abin soya ƙwai da butar shayi. Na ɗauki irin wannan jeren a bayana sau ba adadi, ban taɓa ganin an yi amfani da fiye da biyu ba. Sauran biyar ɗin yawon buɗe ido suke zuwa, a kan ƙashin bayana. Akwai kuma wata mai tsada, siririya kamar takarda, ta iya tafasa ruwa, amma ku zuba mata shinkafa ku gani, ƙasa gawayi sama tsakuwa. Masu ita ba sa yarda ta ƙona, cewa suke ni ne ban iya ba. Nakan ce to. Haƙuri ba yarda ba ne, ku riƙe wannan ma.

Na biyar. Murfin ba nawa ba ne, na Dogo ne, abokin aikina, mutumin da ya fara ɗora mini kaya a baya ya nuna mini yadda ake ɗaure su. Nawa iska ta ɗauke shi shekara shida da suka wuce, ya ara mini nasa. A wannan tafiyar muka saɓa. Shi mutumin rishon kananzir ne, ni na gas. Na ce nasa ƙazanta ne da hayaƙi da nauyi, a gaban baƙi na faɗa. Washegari a can sama sanyi ya kama gas ɗina, wuta kamar ta kyandir, da rishonsa aka yi shayin kowa. Bai ce mini komai ba, wannan shirun ne na kasa yafewa. Tun daga nan gaisuwa kawai muke. Shi ke da gaskiya: wurin sanyi mai tsanani, kananzir. Na san haka tun ranar, girman kai ne ya riƙe bakina.

Uwata, ke za ki kai masa murfin da hannunki, mamanki ta raka ki. Ki gaishe shi da baba, ki ce na ce shi ke da gaskiya. Na san halinsa, ba zai bar tukunya ba murfi ba. In ya maido miki da shi, to ya karɓe ki ke nan, shi zai koya miki abin da ban samu lokacin koya miki ba, ke ki koya wa ƙaninki. Ko ba ku yi wannan aikin ba, wanda ya san abin da zai ɗauka da abin da zai bari ba ya tagayyara a ko'ina.

Na shida, baffanku. Yayana ne, ciki ɗaya. Ku gaishe shi da safe, ku je in ya kira, in ya tsufa ku kai masa abinci. Kada ku riƙe abin da ya yi yau, ni ma ban riƙe ba, na dai rubuta. Mutum ne da yake gane darajar abu da nauyinsa, shi ya sa ya sayi kujerun da sai mutum huɗu suke ɗagawa, ba kuma wanda yake jin daɗin zama a kansu. Ku girmama shi. Amma ko tukunyar ruwan zafi ya aiko aro, ku ba shi ta kicin.

Allah ya raya ku, ya sa ku fi ni karatu, kada ku fi ni girman kai. Ku riƙe mamanku, ta ɗauki abin da ya fi duk kayan da na taɓa goyawa. Kada ku bari a raba ku gida biyu. Ku ci a tukunya ɗaya, ta isa, na gwada.

An yi wannan kyauta an kuma karanta wannan takarda a gaban mamanku, da tela maƙwabcinmu, da baffanku da kansa, yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon silin. Na huɗu shi ne ɗan gwangwan, na aika aka nemo shi a layin baya. Na roƙe shi ya sake rataya kayan a gaban kowa, allura ta tsaya a giram ɗari takwas da arba'in. Da na fara aikin nan kayan girki kaɗai kilo biyar nake goyo. Shekara goma sha ɗaya na yi ina rage sauran, kuma ɗan gwangwan nan ne mutum na farko da ya auna ya tabbatar. Bai iya rubutu ba, ya dangwala yatsa a ƙasa.