Murhun Gwiwa

Litinin, 6 ga Maris
Yau ma Baba bai ci ba. Na soya masa taliya da jatan lande, ya sunsuna, ya ture farantin da hannunsa mai lafiya. "Yoke Kheng, wannan ai wanka kika yi mata, ba suya ba. Ba wuta a ciki." Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana soya wa rabin mutanen garin Ipoh abinci, yanzu wandonsa zamewa yake yi. Tunda ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sai shayi.

Alhamis, 9 ga Maris
Gaskiyarsa ce, murhuna na dafa ruwan zafi ne. Wutarsa shiru kamar marar lafiya. Na yanke shawara: murhun gas irin na gidan abinci zan saya, a kafa a kicin ɗin bayan gida.
Na kira Yaya Kok Wai. Wai, "Ke dai so kike ki ƙone unguwa. Likita bai ce harshensa ya daina jin ɗanɗano ba?" Ya faɗa, na ji. Shi da yake Kuala Lumpur, ba shi ke kwashe farantin ba.

Asabar, 11 ga Maris
Shagon Kawu Loh, mai kayan gidajen abinci. Iri biyu ya nuna min. Ɗaya da hannu ake murɗa wutarsa. Ɗayan sandar ƙarfe ce a ƙasa, da gwiwa ake tura ta, don hannayen mai suya ba sa samun sarari.
"'Yata, ɗauki na hannu. Na gwiwa ba na 'yan koyo ba ne, girarki za ta tafi."
Na ce wa Baba na hannu zan saya. Ya juya fuskarsa bango. Na koma na ce a kawo na gwiwa.

Laraba, 15 ga Maris
An kafa. Ƙararsa kamar jirgi zai tashi. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya.

Lahadi, 19 ga Maris
Na ƙona taliya, na ƙona tafarnuwa, na ƙona tsintsiyar hannuna. In na tuna da kasko sai in manta da gwiwa, wuta ta yi sama. Wanda ya ɗan yi kyau na kai masa. Ya tauna, ya tofar a tsumma. "Ba wuta."
Ba wuta! Rufin kicin har ya yi baƙi. Na shiga banɗaki na yi kuka, na kuma ji haushinsa, ba zan ɓoye ba.

Talata, 21 ga Maris
Yaya ne da gaskiya, harshen Baba ya daina jin ɗanɗano. Na tsani hakan.

Juma'a, 31 ga Maris
Ina suya sai na ji ƙarar keken guragun Baba a bayana. Da ƙafa ɗaya ya turo kansa.
"Matsa can, kin tare min." Ya kafa gwiwar hagu a jikin sandar. "Ke riƙe kasko, wuta tawa ce."
Ya buɗe ta, ta yi ruri. "Mai! Ƙwai! Juya mana, hannun aro ne da ke?" Kafin taliyar ta kama ya rage, ina ɗaga kaskon ya sake buɗewa. Ban taɓa sanin cewa rage wutar shi ne aikin ba.
Na zuba masa raina fes. Ko kallon farantin bai yi ba. "Gobe ma," ya ce.

Asabar, 8 ga Afrilu
Kullum yanzu sai mun yi. Ya rame ƙwarai, ɗaukarsa ba wuya. Yau ya janye gwiwarsa daga sandar ya ce in sa tawa. Bai yi min tsawa ba ko sau ɗaya, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.
Na ajiye masa farantin, ya mayar gabana.
"Baba, don Allah, ko loma ɗaya."
"Ni na gama ci tuni, yarinya. Ɗanɗana ki gaya min."
Na ɗanɗana. Irin nasa ne sak, har ƙamshin hayaƙin da muke ji a rigarsa in ya dawo daga aiki muna yara.
"Da wuta?"
Na ce da wuta. Ya gyaɗa kai, ya ce in mayar da shi ɗaki.
Ban sake roƙonsa ba. Na zauna a bakin murhun na cinye duka.