Kaka, Jakar Tsirkiyarka Ta Ƙi Ƙarewa

Assalamu alaikum Kaka. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahamar Allah.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mama. Kunyar nan da ake yabona da ita a Karmo, rabinta jijiyar shanu ce. In an gaishe ni na sunkuyar da kai, yawanci bakina ne cike.

Kai ka jawo. Da haƙoranka suka zube ka kira ni bayan ɗaki, ka ce in ara maka nawa. Ka busar da jijiya a kan kwano, ka daddake ta da dutse har ta zama zare-zare, ni kuma in tauna ta yi laushi, sannan ka murza ta a cinya ta zama tsirkiyar baka. Ka ce mini, "Bebiya, wannan aikin sai mai shiru." Na ɗauka yabo ne. Ashe so kake kada in kai ƙara.

Mama ta ga kullum bakina na motsi, ta ce kwaɗayin nama ke damuna, ta riƙa ƙara mini yanka ɗaya a miya. Ban musa ba. Wannan ma ka roƙa mini gafara.

Da hannunka ya fara rawa, murzar ma ta dawo kaina, da ratayawa da dutse don ta miƙe, da shafa kitse. Naka ɗaure jan zare a ƙarshe, alamarka, da karɓar yabo. Ka gargaɗe ni kada masu gadin da ke zuwa karɓar tsirkiya su ji, don sun yarda in mace ta taɓa tsirkiya baka ya mutu.

Ka san tun da farar hula suka dawo mulki gidaje ke ta tsirowa, kowane gida da mai gadinsa, kowane mai gadi da kwari da baka. Ban taɓa jin wanda ya harbi ɓarawo ba, sai gafiya. Amma duk wanda tsirkiyarsa ta tsinke, taksi yake hawowa har ƙofarmu.

Tsirkiya uku ka bari a jaka da ka rasu. Kaka, zuwa yau na ba da goma sha ɗaya.

Na farkon da ya zo bayan ukun sun ƙare, na buɗe baki in ce babu, sai na ji na ce ya dawo jibi, zan duba jakar da kyau. Tun daga nan nake dubawa da kyau. Mahaucin kasuwa yana zaton kare muke kiwo.

Abokinka Malam Dauda, mai gadin gidan wani darakta a Wuse, ya zo ran Lahadi. Ya ɗana sabuwar, ya ja, ya saurari ƙararta, ya ce Allah ya jiƙan tsoho, tun da ya rasu hannunsa sai ƙara kyau yake. Sannan ya shinshina ta, ya ce ikon Allah, wata bakwai kitsen bai bushe ba. Ya daɗe yana kallona. Na sunkuyar da kai, kuma ranar babu komai a bakina.

Ya ce ran Juma'a zai zo da sauran masu gadi, in fito da jakar gaba ɗaya su raba abin da ya rage, kowa ya huta.

A lokacin babu komai a jakar sai ƙullin jan zarenka. In na ce sun ƙare, shi ke nan, ba mai sake zuwa ƙofarmu ya ambaci sunanka. In na ce ni ce, wataƙila su jefar da duk na hannunsu, su ce ka yaudare su. Wannan ya fi ci mini rai. Ina kewar tsokanarka, Kaka. Bayan ɗakin nan ya yi shiru, ko ni da nake son shiru ya yi mini yawa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya mayar maka da haƙoranka a Aljanna, ka tauna kayanka da kanka.

Jiya na gama guda huɗu na sa a jakar. Wannan karon ban taɓa jan zarenka ba. Na zare kore daga bakin tsohon ɗankwalina na ɗaure musu. In Malam Dauda ya tambayi mai koren zare, zan tofar da abin da ke bakina in amsa.

Jikarka,
Jummai, wadda kake kira Bebiya