Ruwa Ya Daina Isowa Ƙarshen Kanal

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Manoman Rani ta sashenmu, tsakanin Kura da Bunkure.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan ƙungiya. Allah ya sa haka, amin.

Sunana Sunusi. Ni ne mai gonar tumatir ta ƙarshe a ƙaramin kanal ɗin da ya bi ta bayan garinmu, wadda daga ita sai burtalin shanu. Ta mahaifina ce. Da ya rasu ta dawo hannuna, kuma da ita nake ciyar da Inna da ƙannena mata. Karatuna bai wuce firamare ba, in ka ga kuskure ka yi mini uzuri. Na zo gidanka, ka karɓe ni da mutunci, ka ce in yi haƙuri za a duba. Na yi haƙurin. Na sake komawa, aka ce ka shiga Kano. Abin da ya sa na rubuto maka ta jarida shi ne tsoro nake ji, kuma ina so in wani abu ya faru ya zama mutane sun riga sun sani.

Na ɗaya. Ka fi ni sanin yadda muka taso muka ga ana yi. Ranar da aka buɗe wa kanal ɗinmu ruwa, mutanen da ke bakin get, wato ƙofar da ruwan ke shigowa, ba sa sa bututunsu na jan ruwa. Sai su bar ruwan ya wuce ta gabansu har ya kai ƙarshe. In na ƙarshe ya shayar, sai ya ɗaura farin ƙyalle a kan doguwar gora ya kafa a kunya. Na gaba da shi ya hango, ya sa nasa bututun. Haka ake hawowa har a zo kan na bakin get, wanda shi dama ba ya rasa ruwa. Ba hukuma ce ta kafa wannan ba, iyayenmu ne suka zauna suka ga shi ne daidai. Ina yaro ni nake riƙe wa Baba gorar.

Na biyu. Tun da wani Alhaji ya sayi gonakin bakin get abin ya canza. Ba zan kama sunansa ba, ka san shi, kowa ya san shi. Shinkafa yake yi da rani, ita kuwa shinkafa ba ta jin ta ƙoshi. Yaransa ba sa jiran ƙyalle. Da an buɗe ruwa sai su jera buhunan ƙasa a tsakiyar kanal, su tare shi, su zuba bututu, su ƙara da injin ban ruwa. Abin da ke tsallake buhunan ya iso wurinmu bai fi wanda zai jiƙa ƙafar kaza ba. A bana sau da yawa nakan tsaya da gorata a hannu daga hantsi har la'asar, in naɗe ƙyallen in koma gida ban kafa ba.

Na bi bakin kanal da ƙafa na je na gani da idona. Gonarsa ta cika har ruwa ya kwanta, kwaɗi na kuka da rana tsaka, ciyawar kacala ta fara tsirowa a gefe. Ragowar yana malala ta baya ya faɗa magudana ya tafi rafi. Wato ba ma shinkafar ce ke shanye shi duka ba. Zubarwa ake yi. A daidai wannan lokacin ƙasar gonata ta tsage har ina iya zura hannu, furen tumatir yana zuba tun bai ƙulla ba.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni barci. Malam Idi, dattijon da gonarsa ke can sama, kusa da na Alhaji, rani biyu yana asara. Wakilin Alhaji ya dinga zuwar masa da gaisuwa da goro, har ya ba da gonarsa jingina. Satin da aka karɓi gonar, a satin aka janye buhuna, ruwa ya iso ta har ya yi ambaliya. Da ya kai iyakarta aka sake tare shi a nan. Haka aka yi wa na ƙasa da shi, haka aka yi wa matar marigayi Tela da marayunta. Da farko na ɗauka sa'a ce irin ta masu kuɗi. Da na ga abin ya maimaita, na gane ruwan yana bin takun mutum ɗaya ne, inda ya sa ƙafa nan yake tsayawa. Yanzu Malam Idi yana dashen shinkafa a gonar da ya gada, ana biyansa da yamma kamar baƙo. In na gaishe shi ba ya ɗago ido.

Layi ya zo kaina. Wakilin ya same ni a gona, bai ko sauko daga babur ba. Ya dubi tumatir ɗin ya yi dariya ya ce, “Sunusi, wannan gona ce ko makabarta? Ka kawo ta a raya maka ita, kai ma ka huta.” Na ce ta marayu ce, ba tawa ni kaɗai ba. Ya ce, “To ai marayun nake tausaya wa. Ka yi shawara da tsohuwa, kada ka zama mai taurin kai, bakin kanal wuri ne mai santsi.” Ranka ya daɗe, ni a bakin kanal aka haife ni, ban taɓa zamewa ba. Na fahimci abin da yake nufi. Tun daga ranar, wasu samari da ban sani ba sukan tsaya da babur a kan burtali, su yi ta kallona ina aiki, ba sallama, sannan su tafi. Inna ta hana ni fita gona ni kaɗai.

Na huɗu. Ranar da na zo gidanka ka ce mini, “Sunusi, kowa nema yake, ba a hana mutum neman arziki.” Maganar ta zauna mini, na yi ta juya ta ina cikin gona. Gaskiya ne, ni ma nema nake. Ina son babur, ina son wayar hannun nan da ta shigo, ina son in yi wa ɗakin Inna rufin kwano. In da wannan ne haɗama, da duk garinmu mahaɗama ne. Kuma ba na jin haushin Alhaji don ya fi ni. Allah ne ya ba shi, ya ƙara masa ta halal.

Amma na lura da shanun Fulanin da ke sauka mashaya a bayan gonata. Babban sa yakan ture ƙanana ya fara sha, wannan ƙarfi ne. In ya ƙoshi sai ya ɗaga kai ya wuce, ƙanana su sha. Ban taɓa ganin san da ya ƙoshi ya tsaya ya tare mashaya don maraƙi ya galabaita ba. To ni a ganina nan ne iyakar nema da haɗama. Mai nema yana son gonarsa ta yi kyau. Mai haɗama sai tawa ta mutu sannan lissafinsa yake fita. Ƙishirwata ce jarinsa.

Shi kuma adalcin da muke nema ba wai a raba gonaki daidai wa daida ba ne. Ba za a taɓa yin haka ba, ni ma ban roƙa ba. Abin da nake ganin ya kamata gari ya tsare shi ne mai ɗan kaɗan ya iya riƙe ɗan kaɗan ɗinsa ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Abin da aka haƙa don kowa, kada ya koma makamin mutum ɗaya. Talaka ya iya faɗin an cuce shi ba tare da yana waiwaye ba. In ana son a san ko ana adalci a kanal, ba a bakin get ake tambaya ba, can kullum lafiya lau za a ce. A zo ƙarshe a tambaye mu.

Na biyar. Ba Alhaji kaɗai nake tsoro ba, har da namu. Samarin ƙarshen kanal sun gaji. Ɗan baffana Ɗanladi ya ce mini a gaban jama'a, “Kai ka tsaya da haƙurinka, mu ranar ruwa da adda za mu je mu buɗe.” Na roƙe su, suka ce na zama ɗan koren Alhaji. Yaran Alhaji ma ba hannu sake suke zama ba. In aka haɗu a kan buhunan nan, ba Alhaji ne zai faɗa ruwa ba, ɗan wani talaka ne, ko daga nan ko daga can.

Don haka ina roƙonka, don Allah don Annabi. Ka sa a kwashe buhunan nan da sunan ƙungiya, da rana, a gaban kowa, kafin samari su kwashe su da hannunsu. A dawo da shayarwa daga ƙarshe zuwa sama, kuma ta hau kan kowa, mai gona ɗaya da mai gonaki. A zauna a duba jinginar su Malam Idi, a tambaye su abin da ya kai su. Sannan kai da kanka, ranar ruwa mai zuwa, ka taka daga get har burtali. Ba sai na ce maka komai ba a ranar.

Wakilin ya ce zai dawo bayan sallar Juma'a da shaidu. Inna tana kuka tana cewa in ba su, gona ba ta kai rai ba. Ban san abin da bakina zai faɗa ba in suka tsaya a kaina. Ina so in ce a'a, amma ni kaɗai ne namiji a gidan. In ka ji labari Sunusi ya ba da gonar ubansa, kada ka yarda a ce da son ransa ne.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon tsayawa a kan gaskiya ko da a gaban wanda ya fi ka ne. Allah ya sauƙaƙa maka tambaya a kan amanar da ka ɗauka, ya tsare mu da zubar da jini, ya kai mu damina lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sunusi, manomi a ƙarshen kanal.