Tagar Papa da Na Toshe

Litinin, 3 ga Maris

An gama ɗakin Papa. Shekara bakwai ina tsara wa manyan Accra cikin gidajensu, ban taɓa yin wanda ya kai wannan ba. Tagar da ke kallon titi na sa an toshe ta da bulo, hayaniyar 'yan tasi ta yi wa mai shanyewar ɓarin jiki yawa. Bangon baya kuwa an fasa shi, an sa ƙofar gilashi daga ƙasa har rufi. Yanzu lambun kamar a cikin ɗaki yake: lemo, piya, ayaba, ga hasken safiyar Akropong yana kwanciya a kan gado. Fenti ruwan madara. Kujera ɗaya, farar tabarma ɗaya. Kalandun jana'iza goma sha huɗu da ya liƙe a bango na tattara su a kwali.

Anti Dansoa, ƙanwarsa, ta leƙo. "Oforiwaa, kin tambaye shi kuwa?" Na ce likita ya ce natsuwa yake buƙata. Ta ce to, ta koma kicin.

Asabar, 15 ga Maris

Mun dawo da shi daga asibiti. Na tura kekensa har gaban gilashin, na yaye labule. Bakinsa a karkace yake, magana da ƙyar take fita, amma wannan ta fito sarai: "Wannan asibitin ya fi wancan tsabta."

Yayana Ntow ya ƙyalƙyale da dariya. Ni ma na yi, ta dole.

Laraba, 2 ga Afrilu

Accra, aiki. Wata ta ga hoton ɗakin tana son irinsa. Na ce mata mahaifina barci yake a ciki kamar jariri. Me ya kai ni faɗin haka?

Lahadi, 13 ga Afrilu

Na je gida Akropong. Na tarar da kujerarsa ta juya wa gilashin baya, tana fuskantar bangon da babu komai. Na ɗauka Anti ce garin shara, na gyara. Muna dawowa daga coci ta sake juyawa. Ashe shi ne, da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya.

Matar da ke koya masa magana ta ce kalmominsa raguwa suke yi. "Da wa yake hira?" Na kama duba jakata kamar ina neman wani abu.

Litinin, 14 ga Afrilu

Da hantsi na ji ihu a titi. Wofa Asiedu ne, wato Kawu Asiedu, abokin Papa tun suna tuƙa manyan motoci zuwa Tamale. Yana tsaye a gaban tagar da na toshe, yana magana da bulo, yana ƙwala wa Papa kira da sunansa.

"Sakyi! Mai kan kwakwa! Mutuwa ka yi ba a gaya mana ba?"

Daga ciki sanda ta bugi bango sau uku.

"Uku? Zagi ne wannan, na gane. Kai ma haka!"

Na fita na ce Wofa ya shigo mana. Ya dubi takalmansa, duk jan laka. "'Yata, ɗakin nan naki na mala'iku ne. Mu masu cin gyaɗa muna zubar da ɓawo ina mu ina shi?" Ya ce shekara arba'in ta tagar nan ake gaisawa, mai burodi, direbobi, har limamin coci. Bai faɗa da zafi ba. Gara ma da ya yi.

Da yamma muna dakan fufu na ce wa Anti, lambu mai kyau haka, ko kallo ɗaya ba zai yi masa ba? Ta tsayar da hannunta.

"Kin san inda aka tsinci uwarki?"

Ina ƙasar waje karatu lokacin. A gida ta rasu, shi ke nan abin da aka ce mini, ban kuma ƙara tambaya ba.

"A gindin lemon nan, da kwandon wanki a gefenta. Shi ya ɗauko ta da hannunsa. Shekara tara bai taka lambun nan ba. Ke kuma kika ɗauko wurin kika ajiye masa a gaban gado."

Na ce don me ba wanda ya gaya mini? Ta ce, "Ke da kika zo da takardu da ma'auni, ina wurin magana? Daka, fufun na sanyi."

Talata, 15 ga Afrilu

Ban iya shiga ɗakin ba yau.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Na shiga, na durƙusa. Na ce Papa, gobe zan kira magini ya buɗe tagar, a sa labule mai kauri a gilashin. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa. "Ƙura," ya ce. Can kuma, "Bar shi." Ya ɗora hannunsa mai lafiyar a kaina. Ni na yi ɓarnar, shi yake lallashi.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Anti a waya: Wofa ya gano ƙaramar ƙofar lungu. Ta lambu yake shigowa yanzu, shi da tsofaffi biyu da allon dara. "Fararen furanninki dai sai haƙuri." Na ji haushi, Allah ya sani. Sai kuma na ji kunyar haushin.

Asabar, 3 ga Mayu

Na gani da idona. Ƙofar gilashi a buɗe, tebur rabi ciki rabi waje, ɓawon gyaɗa a kan farar tabarma, hular wani a rataye a fitilar da na yi wata biyu ina nema. Papa a bakin ƙofa, fuskarsa waje. Ba ya ɗaga ido wajen lemon, a kan allo ya kafe shi. Amma dai waje.

Ina tsaye a bayan labule na ji: "Asiedu, ɓarawo, mayar da ɗan nan!"

Wofa ya buga cinya. "Jama'a ku ji, bebe ya samu baki!"

Na koma kicin kafin su gan ni.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na ɗauki hutun kwana biyu. Na tumɓuke sauran furannin, na jera faffaɗan duwatsu daga ƙofar lungu zuwa ɗakin. Damina ce, kada wani tsoho ya zame a ce a gidanmu ne, ba don komai ba. Hanyar ta ɗan yi gwiwa ta bayan piya, ba ta bi ta gindin lemon ba. A ido ba ta yi kyau ba, kowane magini zai ce kuskure ne.

Anti ta tsaya tana kallon lanƙwasar. Da rana ƙaguwa biyu na samu a miyata, maimakon ɗayar da ta saba sa mini.